Wadda Ba Ta Ci Ba

Tun kafin rana ta leƙo ta bayan dutse Maliketso ta ɗora tukwane uku. Lahadi ce ta tsakiyar Yuli, ƙanƙara ta kwana tana zuba a Ha Letuka, ƙauyensu na kan duwatsu inda Yuli ne tsakiyar hunturu, sai da ta sa muciya ta fasa saman ruwan bokiti kafin ta samu na wanke hannu. A babbar tukunya mai ƙafa uku wutsiyar sa ce da haƙarƙarin tunkiya, tun jiya suke jiƙe cikin albasa da tafarnuwa. Ta biyu dawa ce da wake da kabewa, irin dahuwar da ba a cewa ta yi sai cokali ya tsaya da kansa a tsakiya. A ta uku burodi take turarawa, ta naɗe bakin murfin da tsumma kada tururi ya tsere. Tuwon masara kuwa sai an kusa zama za ta tuƙa, don surukarta ba ta cin wanda ya huce.

Shekara goma sha huɗu ke nan tana girki a wannan zagayayyen ɗakin jinka, kuma a duk tsawon shekarun ba a taɓa jin wanda ya ce cikinsa ya murɗa ba. Hayaƙin busasshen kashin shanu ya mayar da jinkar baƙa ƙirin, amma yakan bi ta cikin ciyawar ya fice abinsa.

Yau za a buɗe sabon ɗakin surukar tata, tsohuwar da duk ƙauyen ke kira Nkhono, wato kaka, ita kuwa Maliketso takan ce mata Mme, wato inna. Puseletso ce ta gina mata, ƙanwar mijin Maliketso, wadda ke aiki a wani shagon kayan ɗaki a Bloemfontein. Ɗaki ne na bulo da kwano, mai kusurwa huɗu kamar na birni. Tun Laraba ta iso ita da mijinta Tseliso da mota shaƙe da kaya, kwana uku tana fama. Ta kafa silin na roba fari tas. Ta shimfiɗa kafet mai gashi wanda ƙafa ke nutsewa a ciki, ta rataya labule ja mai nauyi har ƙasa, ta lulluɓe kujeru da barguna masu zanen zangarniyar masara. Kantar jera kwanuka ma ba ta bar ta haka ba, sai da ta yanka takarda fure-fure ta shimfiɗa, sannan ta jera kwanukan tangaran daga babba zuwa ƙarami.

Da ta gama da kwalliya sai ta koma kan iska. Ta jiƙa bayan hannunta ta bi bango tana lalube, duk inda ta ji sanyi ya taɓa ta sai ta manna soso. Ramuka biyu da magini ya bari can sama ta cusa musu jarida, ta rufe ɗaya da kalanda mai hoton makiyayi da tumaki, ɗayan da hoton marigayi ubansu. A ƙarƙashin ƙofa ta shimfiɗe doguwar safa da ta cika da yashi.

"Ausi, zo ki sa hannu nan," ta ce da Maliketso ranar Asabar, da kiran da suke yi wa babbar yaya. "Kin ji iska?"

"Ban ji ba."

"Ba kuwa za ki ji ba. Wannan ɗakin ko ƙuda sai ya yi sallama an buɗe masa. Ba irin naku ba da mutum ke kwance yana ƙirga taurari ta rufi."

"Mu dai taurarin ba su taɓa cizon mu ba," in ji Maliketso, ta koma wajen tukwanenta.

Da hantsi Motlatsi, mijinta, ya hura paola a tsakar gida, wato bokitin ƙarfen nan da ake hudawa a zuba wuta a ciki. Wannan karon ba kashin shanu ya zuba ba, kwal ne da Puseletso ta kawo buhu guda. Ya jira hayaƙi ya ɗauke, garwashi ya yi jawur, sannan ya shigar da shi tsakiyar sabon ɗakin ya ɗora a kan faranti. Nkhono ta sa aka ajiye kwanon ruwa a gefe, ta watsa ɗan gishiri a wutar da hannunta.

Kowa a Ha Letuka ya san cewa in hayaƙi ya ɗauke, aka kuma ajiye kwanon ruwa kusa, to wuta ba ta da sauran sharri. Ba a san wanda ya fara faɗar haka ba, ba a kuma taɓa samun wanda ya tsaya ya tambayi abin da ruwan ke yi ba. A ɗakin jinka maganar ba ta taɓa ba kowa kunya ba, domin jinka ce ke aikin, kwano na karɓar yabo.

Mutum huɗu suka zauna: Nkhono, Motlatsi, Puseletso da Tseliso. An bar kujera ɗaya saboda Ntate Sekhonyana, wato Baba Sekhonyana, ƙanen marigayi mijin Nkhono, wanda ƙanƙara ta tsare a hayin kogi. Maliketso ta yi ta safa da marwa da kwanuka, ta durƙusa ta miƙa wa kowa nasa. A rana irin wannan matar ɗa ba ta zama cin abinci da dangin miji. Nata yana ɗakin girki, tare da 'ya'yanta mata biyu.

"Kai, wannan wutsiya ta ji wuta," Tseliso ya ce, maiƙo na bin haɓarsa. "Puse, ki zauna nan wata guda a koya miki."

"Kai ka zauna, tun da cikinka ne ubangidanka. Ausi, ja ƙofar da kyau! Ki mayar da safar!"

Ta ja, ta ji an tura safar daga ciki.

Ta zuba wa yaran suka ci, ita kuwa ta ce sai ta ga bayan hidima. Tana kankare tukunyar tuwo tana jin dariyarsu, can ta ji Nkhono ta ɗauko waƙar coci, sauran suna amsawa. Daga nan waƙar ta yi ƙasa, ta mutu. Maliketso ta yi murmushi, a ranta ta ce abinci ya yi aikinsa, an jingina. Ta ba su lokaci sosai, ta wanke abin wankewa, sannan ta cika jug da kunun dawa mai tsami ta nufi ɗakin.

Ƙofar ta ƙi buɗuwa sai da ta sa kafaɗa. Abin da ya tokare ta Motlatsi ne, kife a ƙasa, hannunsa a miƙe wajen mariƙin. Tseliso ya kifa fuska cikin kwanonsa. Puseletso na kwance a kan kafet ɗinta mai gashi, amai ya ɓata mata gaban riga. Nkhono kaɗai ke zaune daram a kujera, cokali a hannu, ido rabi a buɗe, kumatunta sun yi wani irin ja kamar na yarinyar da ta sha gudu.

Jug ɗin ya suɓuce. Maliketso ba ta ji faɗuwarsa ba.

"Mme? Mme! Motlatsi!"

Ba wanda ya motsa. Ta kama mijinta ta ƙafa ta ja shi waje, kansa na bugun dokin ƙofa, ta yar da shi cikin ƙanƙara ta koma. Ta rungumo tsohuwar kamar jaririya. Ba ta san inda ta samu ƙarfin jan Tseliso ba, ƙato ne mai cin rabon mutum biyu. Sai da ta jera su huɗu a tsakar gida sannan muryarta ta dawo, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihun da ya sa karnukan ƙauyen suka ɗauka gaba ɗaya.

Kafin a ce me gidan ya cika. Mme Ntsoaki, maƙwabciyarsu ta gangare, ita ta fara isowa, ta dubi aman, ta dubi kwanukan da ke kan tebur ta buɗaɗɗiyar ƙofa.

"Guba ce! A kawo madara! Ku matse musu hanci!"

Aka kawo madara, aka yi ta ɗura wa mutanen da ko haɗiyar yawu ba sa iyawa. Ikon Allah ne kawai ya sa ba a shaƙe kowa ba. Aka kwashe su zuwa ɗakin jinka, tun da sabon ya ɓaci, aka lulluɓe su da barguna. Can Motlatsi ya yi tari. Puseletso ta yi nishi ta dafe kai. Tseliso ya buɗe ido ya tambayi inda yake. Mata suka yi guɗa, kowa na cewa ka ga aikin madara.

Nkhono ce ƙarshen farfaɗowa. Maliketso na durƙushe a gabanta tana murza mata tafin ƙafa, hawaye na zuba a kan bargon. Tsohuwar ta daɗe tana kallon ta.

"Ke ba ki ci ba?"

"Ban kai ga ci ba, Mme."

"Yaranki fa?"

"Sun ci, ga su can lafiyarsu ƙalau. Tukunya ɗaya ce."

"Tukunya ɗaya," in ji Nkhono a hankali. "Kwano daban." Ta janye ƙafarta cikin bargo. "Me kika zuba mana, 'yar nan?"

Maliketso ce fa ta yi jinyar tsohuwar nan wata huɗu lokacin da ƙugunta ya goce, ta ɗauke ta ta ajiye, ta wanke mata abin da 'yar cikinta ba ta tsaya ta gani ba.

"Tun da aka kafa tubalin farko take hararar ginin nan," Puseletso ta ce daga kwance, murya a shaƙe. "Jiya ma sai da ta gaya min magana."

"Ni dai na lura ba ta ko lashi cokali ba," in ji Ntsoaki, wadda ba ta nan sa'ad da ake cin abincin.

Maliketso ta juya wajen mijinta. Ya dube ta, ya dubi uwarsa.

"Wayyo kaina," ya ce, ya ja bargo ya rufe fuska.

A daidai nan aka ji takun doki. Ntate Sekhonyana ne ya iso, ƙanƙara har gwiwar wandonsa. Dattijo ne busasshe, ya yi shekara talatin a ramin zinariya, ya dawo da tari da kuma al'adar yanke magana gajere. Ya saurari kowa yana tsaye, bai ko kwance bargonsa ba.

"Ba a yanke wa mutum hukunci da ihu," ya ce. "Ragowar abincin na nan?"

"Yana kan tebur, ba a taɓa ba."

"To ta ci. Daga kowane kwano. In ta ƙi, mun ji amsa."

"Zan ci, Ntate," in ji Maliketso. Ita kanta ta yi mamakin yadda muryarta ta fito sumul. "Amma ba na ci a gabanku."

Dattijon ya gyaɗa kai. Wannan gaskiya ce, matar ɗa ba ta tauna a gaban ƙanen surukinta. Ya ce mata su fita da ita tsakar gida su sa mata ido, shi da dattawa huɗu za su zauna a sabon ɗakin su tattauna abin da za a yi da ita in ta tabbata. Aka goge kafet sama-sama. Ɗakin ya huce saboda ƙofar da ta daɗe a buɗe, don haka aka fito da paola aka ƙara kwal, aka jira hayaƙi ya ɗauke, aka mayar. Wani mai hankali a cikinsu ya ce a canja ruwan kwanon, aka canja. Suka shiga, suka ja ƙofa, suka mayar da safa. Ko ruwan gidan ba wanda ya yarda ya kurɓa.

Maliketso ta zauna a kan dutsen niƙa, kwanuka huɗu a gabanta cikin ƙanƙara. Maiƙon ya daskare ya yi fari. Mata kusan goma sha biyar suka kewaye ta, kowacce ta ƙudundune cikin bargo, ido kawai. Ta fara da na Nkhono.

Tana ci tana lissafin abin da ke gabanta. In ta faɗi, an ce ga guba. In ba ta faɗi ba, za a ce ta sha makari tun da safe. Ta san matan nan ɗaya bayan ɗaya. Rabinsu ita ta dafa abincin bikinsu, sauran ita ta dafa na makokinsu. Ga Mme Ntsoaki can, wadda ko makon jiya ta aiko a sam mata yisti.

"Har da romon," in ji Ntsoaki. "Kada ki bar na gefen."

"In sa miki loma, Mme? Na ga kina haɗiyar yawu."

Wata ta yi dariya ta maza ta toshe baki.

Ta gama na Nkhono ta ɗauki na Puseletso, wadda ta tsince nama ta bar kabewa kamar kullum. Ta ci na Tseliso, inda shatin goshinsa ke kwance a kan tuwon. Na mijinta ta bari ƙarshe, shi ne kuma ya fi wuyar wucewa a maƙogwaro. Abin haushin, ko a sanyaye abincin ya yi daɗi. Gishiri daidai, wake ya narke. 'Ya'yanta na tsaye a bakin ɗakin girki riƙe da hannun juna. Ta ɗaga musu kai alamar su koma ciki, suka ƙi.

Daga nan sai jira. Rana ta karkata, inuwar garke ta miƙo har ƙafarta. Yatsunta suka daina jin komai. Matan na ta leƙen fuskarta, wata ta ce leɓenta ya canja launi, wata ta ce ai sanyi ne, kowa ma nasa ya canja.

Sai ƙofar sabon ɗakin ta buɗe da ƙarfi. Ntate Sekhonyana ya fito da rarrafe, hula ta faɗi, yana jan numfashi kamar wanda aka tsamo daga kogi.

"Ku fito! Ku fito duka, maza!"

Biyu suka fito suna tangaɗi, ɗaya ya dafa bango ya yi ta kelaya amai. Na uku ya zube a bakin ƙofa. Na huɗu, tsoho mai limancin cocinsu in fada bai zo ba, sai da aka shiga aka jawo shi, yana barci da murmushi a fuskarsa.

Mata suka watse da ihu. Ntsoaki ta nuna Maliketso da yatsa.

"Har su ta kama! Daga nan inda take zaune! Wayyo, ashe abin ya wuce guba!"

"Ke, rufe mana baki!" Dattijon ya daka mata tsawa, tari ya sarƙe shi. Sai da ya lafa ya ci gaba. "Me muka ci? Me muka sha? Wannan ciwon kan na san shi kamar sunana. Nan yake kamawa, a gefen ido, gwiwa ta saki, barci mai daɗi ya zo. A ƙarƙashin ƙasa in an fasa dutse haka muguwar iska take zuwa, ba wari, ba hayaƙi. Mutum shida na taɓa taya fitarwa a rana ɗaya, dukansu kumatu jawur kamar masu lafiya."

Ya miƙe da ƙyar, ya cika ƙirjinsa da iska, ya koma ciki. Ya fito da paola a rataye a sandarsa ya wurgar cikin ƙanƙara, ta yi ta tsuwa. Ya sake komawa. Aka ji ƙarar yagewar takarda da faɗuwar gilashi. Ya fito da dunƙulen jarida biyu a hannu, ya nufi ɗakin jinka inda marasa lafiya suka taru a bakin ƙofa suna kallo, ya zubar a gaban Puseletso.

"Wa ya toshe wa ɗakin nan hanci?"

Puseletso ta dubi jaridar.

"Sanyi ne, Ntate. Ƙafafun Mme na kumbura in sanyi ya... Don ta ji ɗumi na yi."

"Ta kusa jin ɗumin da ba a tashi."

"Amma mun sa ruwa," in ji Nkhono. "Da hannuna na watsa gishiri."

"Matar yaya, da kwanon ruwa na wannan aikin, da ba a kafa mana fanka mai girman gidan nan a bakin rami ba." Ya juya ya dubi matan da ke rakuɓe jikin garke. "Madararku ma ba abin da ta yi. Wadda ta jawo su waje ita ta yi. Da ta tsaya cin nata abincin tukuna, da yanzu gawa huɗu muke wankewa."

Ba wanda ya dubi Maliketso. Kowa ya samu abin kallo: wani takalminsa, wata bakin bargonta. Ntsoaki ta tuna ta bar tukunya a wuta. A hankali gidan ya fara raguwa, ana fita ba sallama. Dattijon ya ce da zarar hanya ta buɗe a kai su duka asibiti a duba, shi ma har da shi, kuma kada wanda ya sake kwana a ɗakin sai an fasa masa taga ta gaskiya.

Maliketso ta tattara kwanuka huɗun, ta miƙe. A bakin ɗakin girki Motlatsi ya tare ta, bargo a ka.

"Kin dai ji, ni ban ce komai ba."

"Na ji," ta ce. "Ina wurin."

Ta raɓa shi ta shige. Puseletso na kuka a lungu, Tseliso na bubbuga bayanta. Nkhono na zaune kusa da murhu, ta ƙanƙance cikin bargo, ta tsufa da shekara goma tun safe. Ta yi gyaran murya sau biyu.

"Maliketso, 'yata. Akwai sauran romo? Cikina ba komai."

Kowa ya gane abin da take yi. Tsohuwa irinta ba ta iya buɗe baki ta ce ta yi kuskure. Iyakar abin da za ta iya ke nan, ta nemi abinci daga hannun da ta zarga, a gaban shaidu. Ntate Sekhonyana ma, daga bakin ƙofa, ya sauke ajiyar zuciya.

Maliketso ta buɗe babbar tukunya, ta ɗebo romo mai zafi da tsoka biyu masu laushi, irin waɗanda haƙoran tsohuwar ke iyawa. Ta durƙusa a gabanta yadda ta saba. Nkhono ta miƙo hannu biyu. Sai Maliketso ta ɗauki cokalin, ta juya wa dattijon baya, ta kurɓa, ta haɗiye a gaban idon surukarta. Ta ɗan jira. Sannan ta goge cokalin da gefen zanenta ta miƙa kwanon.

"Haba, 'yar nan," in ji Nkhono. "Ba sai kin yi haka ba."

"A sha da zafi, Mme."

Daga ranar ba ta ƙara miƙa wa kowa kwano a gidan nan ba sai ta ɗanɗana a gabansa, ko da shayi ne, ko da baƙo ne ya zo wucewa. Motlatsi ya yi faɗa, Puseletso ta aiko da saƙo har sau uku, Nkhono ta roƙe ta da hawaye. Ba ta taɓa ɗaga murya a kan maganar ba, ba ta kuma daina ba.